Me Ya Hana Sakkwato Samun Filin Golf na A-zo-a-gani?

Cikin abubuwan da birnin Sakkwato ya rasa akwai guda ɗaya da ba a jin masu bugo waya gidan rediyo suna kuka a kansa, ba a kuma ganinsa cikin alkawuran 'yan takara. Wannan shiru bai nuna matsalar ƙarama ce ba. Abin da ya nuna shi ne jama'a ba su ma san suna cikinta ba, kuma hakan ya fi tsanani. Ga birni mai filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, da asibitin koyarwa, da jami'ar da aka kafa tun 1975, da masana'antar siminti a Kalambaina, da fadar Sarkin Musulmi, da Hubbaren Shehu da baƙi ke zuwa ziyara daga nesa, amma duk faɗinsa, daga Kwannawa har Runjin Sambo, babu filin golf na a-zo-a-gani. Ana nufin irin wanda ake nunawa a talabijin: rami 18, ciyawa kore shar daga Janairu zuwa Disamba, da ɗan tafki a tsakiya wanda babu mai wanki a bakinsa.

Don a san girman giɓin sai a gwada da na wasu. A duniya akwai filayen golf kimanin 38,000, fiye da kashi 40 cikin 100 suna Amurka. Aisilan, wani tsibiri can ƙuryar arewacin duniya, mutanensa ba su wuce 400,000 ba, amma yana da filaye sama da 60. Ƙidayar 2006 ta samu mutum fiye da 420,000 a Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu kaɗai, ba a sa unguwannin da suka faɗa Wamakko da Dange-Shuni ba, ba a kuma sa waɗanda aka haifa daga baya ba, alhali wasunsu yanzu maganar aure ake yi musu. Idan aka bi ma'aunin Aisilan, Sakkwato na bin duniya bashin filaye 60 da ɗoriya, kuma ba a biya ko ɗaya ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Ana samun fili mai faɗin hekta 60 ko kusa da haka, a haƙa ramuka 18, kowanne faɗin bakinsa milimita 108, a kafa tuta a ciki. Mutum ya zo da jaka mai sanduna da ba su wuce 14 ba, da 'yar farar ƙwallo da nauyinta bai kai giram 46 ba. Ya ajiye ta a ƙasa, ya dube ta, ya dubi nesa, ya sake dubanta, sannan ya maka mata sanda da iya ƙarfinsa ta tafi nisan mita 200. Daga nan sai ya bi ta nema. In ya same ta ba ya ɗauka, sake korar ta yake yi. Haka zai yi ta yi har ta faɗa rami, ya sunkuya ya ciro abarsa, ya nufi rami na gaba. Kafin ya gama ya yi tafiyar da ta haura kilomita 6 cikin kimanin awa 4, kuma ya dawo daidai inda ya ajiye motarsa. Wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ya ci, wato gwanin wasan shi ne wanda ya fi kowa rashin yin sa.

Asalinsa daga Sikotilan ne, a bakin teku, inda ƙasa yashi ce da ba ta karɓar noma. Ya kama mutane har a 1457 Sarki James na II ya haramta shi tare da ƙwallon ƙafa, don samari sun bar koyon harbin kibiya. A 1744 aka rubuta dokokinsa na farko, guda 13. A 1764 masu filin St Andrews suka rage ramukansu daga 22 zuwa 18, duniya ta bi su har yau ba ta tambayi dalili ba. Abin lura shi ne mutanen can ba gina filin suka yi ba, tarar da shi suka yi. Sama na yi masa ban-ruwa kusan duk shekara kyauta, tumaki na yi masa aski kyauta, ƙasar kuma babu mai so. Cikin waɗannan sharuɗɗa uku Sakkwato ta cika ɗaya: tana da tumaki.

Tarihi ya taɓa kawo damar har gida. A watan Maris na 1824 wani ɗan Sikotilan, Hugh Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya iso Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A lokacin an shekara 60 cif da tsayar da rami 18 a ƙasarsu, babu uzurin cewa abin bai kankama ba. Sun tattauna ciniki, da kogin Kwara da inda yake ƙarewa, da rabe-raben ɗariƙun Nasara, Sarki ya nemi a aiko masa da likita da jakada. Da baƙon ya dawo a 1826 ya zo da tsaraba, ciki har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. Sanda ko ɗaya bai kawo ba. Ya rasu a nan cikin Afrilun 1827 ba a buɗe wannan babi ba. Mai karatu ya riƙe sunan watan, za a dawo kansa.

Turawan da suka zo da bindiga a Maris na 1903 su ma ba su gyara ba. Golf a ƙasar nan inda Turawa suka taru da yawa yake bi. Ya bi kuza zuwa Jos, aka buɗe filin Rayfield a 1913. Ya bi hedikwatar mulki zuwa Kaduna a 1921, ya bi jirgin ƙasa da gyaɗa zuwa Kano, ya zauna a Ikoyi ta Legas, daga baya ya bi gwamnati zuwa Abuja inda aka buɗe filin IBB a 1991. Layin dogo kuwa da ya nufo wannan yanki ya zo Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya, har yau yana nan tsaye. Nasaran da ke Sakkwato Razdan ne da 'yan tsirarun jami'ai, kuma sun tarar da gari cike da dawaki, sai hankali ya koma sukuwa da ƙwallon dawaki, wasan da gwamnan farar hula na farko, marigayi Shehu Kangiwa, ya shahara da shi. Wasan da ake yi a kan doki ba sai an yi wa Basakkwace dogon bayani ba. Wanda babban mutum zai sauka ya bi ƙwallo da ƙafa shi ne mai buƙatar tafsiri.

Yanzu ga babbar magana, ruwa.

Damina a Sakkwato wata huɗu ce in an yi sa'a, Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuwa milimita 600 zuwa 700. Sauran wata takwas sama ba ta yi alkawari da kowa ba. Ciyawar golf ba ta san wannan tsari ba, kullum take shan ruwa. A ɗauki alƙalami. A ce an bar gefe-gefen fili ya bushe, an shayar da hekta 40 kaɗai. A tsakiyar bazara rana da iska na iya zuƙe kimanin milimita 8 a yini daga jikin ciyawa, kuma milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ce. In an ninka, lita miliyan 3.2 ke nan kowace rana. Da yake ba kowa ke auna ruwa da lita a garin nan ba, a mayar da shi ma'aunin da aka sani: jarka mai lita 25 guda 128,000. A kura mai ɗaukar jarka 10, sawu 12,800. In ɗan ga-ruwa mai ƙarfi na yin sawu 10 a yini, ana buƙatar mutum 1,280 suna tura kura daga asuba zuwa magariba. Wannan aikin yi ne ga matasa 1,280, ba jarrabawa, ba takardar shaidar ƙaramar hukuma, ba sai ka san wani ba. Duk mai neman hujjar gina filin ya fara da wannan.

Masu adawa da wani lissafin suke zuwa. Sukan ce lita 50 a yini ita ce mafi ƙarancin abin da masana lafiya ke cewa mutum ɗaya na buƙata don sha da girki da wanka da wanki, saboda haka filin zai sha rabon mutum 64,000. Lissafin daidai ne, kuskuren yana wajen zato. Sun ɗauka in ba a ba ciyawa ruwan ba, waɗannan mutum 64,000 za a ba. Akwai unguwannin da yaro zai yi wayo, ya shiga makarantar allo, ya yi sauka, bai taɓa jin famfon gidansu ya yi ko tari ba, kuma babu filin golf ɗin da ya tare masa. Hasali ma zuwan filin alheri ne, domin shi zai zama mazaunin birni na farko da za a tabbatar ruwansa bai ɗauke ba. Dalili kuwa a fili yake. Ciyawa ba ta da haƙuri: 'yan kwanaki ba ruwa sai ta yi ja, kowa ya gani daga titi, a ɗauki hoto. Mutum kuwa yana iya shekara yana haƙuri bai canza launi ba. Duk unguwar da Allah ya sa ta yi maƙwabtaka da katangar filin, abin da ya rage mata dogon tiyo ne da kyakkyawar mu'amala da maigadi.

Ba kuma za a ce babu ruwan ba. Madatsar Goronyo da aka gama a 1984 a kan gulbin Rima an gina ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ko da filin zai sha ruwan bazara duk shekara, bai kai miliyan 1.2 ba, ɗan abin da ya haura kashi 1 cikin 1,000. A takarda ruwa ya yi yawa. Sai dai takarda ba ta ƙafewa, madatsa kuwa tana yi: a farkon 2018 an ba da rahoton ruwanta ya sauka zuwa kimanin kashi 10 cikin 100. Masu kawo misali da Dubai, wadda ta buɗe filin ciyawa a tsakiyar hamada a 1988, su tuna Dubai a bakin teku take, tana tace ruwan gishiri da kuɗin da ba a tambayar yawansa. Daga Sakkwato zuwa teku tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Ana iya jawo bututu, amma zai ratsa jihohi da dama, kuma kowane gari da ya bi akwai mai ƙusa da guduma.

A ce an samu ruwa. Ciyawar da filayen ƙasashe masu zafi suka fi shukawa dangin ƙiri-ƙiri ce, wadda manomin fadama ke kashe kuɗi a cire masa. Wannan labari ne mai daɗi, iri ba zai yi wuya ba. Matsalar ita ce a Sakkwato ciyawa ba ado ba ce, haja ce. Ana yanka ta, a ɗaure, a ɗora wa jaki, a yi cinikinta, kuma duk mai kiwon rago ya san abin da damin harawa ke yi wa aljihu a ƙarshen rani. Hekta 40 na ɗanyar ciyawa a watan Afrilu, lokacin da ko tumfafiya ta yi laushi, ba za ta ɓoyu ba. Kafin azahar labari ya kai Illela, kafin la'asar ya ƙetare Ƙonni. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ratsa Sahara ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, ba ta ɗauki katanga a bakin komai ba. Raƙumin da aka kawo kasuwar Kara ba ya ma buƙatar hawa, miƙa wuya kawai zai yi. Wasu na ganin a ɗauke su aiki yadda aka yi da tumakin Sikotilan. Sai dai ciyawar farfajiyar rami ana aske ta ne a bar milimita 3 zuwa 4, akuya kuwa ba ta aiki da ma'auni. In ta fara sai ta ga saiwa.

Abin yabo, dokokin golf sun hango da yawa daga cikin wannan. In ƙwallo na ajiye dabba ta ture ta, ana mayar da ita inda take, babu tara. In shirwa ta zaci ƙwai ne ta sure ta, a kintaci wurin a ajiye wata. Kashin dabba yana cikin tarkacen da aka yarda ɗan wasa ya kawar, muddin ƙwallon ba ta motsa ba. In ta faɗa ramin gafiya ko na kurege, ana fitar da ita kyauta. In ta tsaya kusa da maciji ko zuma, doka ba ta ce a nuna jarumta ba. Ɓatacciyar ƙwallo kuwa minti 3 ake ba mai ita ya nema tun daga 2019, da can 5 ne. Inda littafin ya yi shiru shi ne a kan ƙarangiya, da kuma yaron da ya tsinci ƙwallon cikin minti 1 yana neman a saya. Bai kuma ce komai ba a kan hakkin akuyar da aka jefa. Wannan shari'a gaban mai unguwa za ta je, kuma ana iya hasashen yadda za ta kasance.

"Ranka shi daɗe, akuyata na tsaye tana kiwonta, wanga bawan Allah yaj jehe ta."

"Allah shi taimake ka, sai da niy yi kuwwa, yadda doka tac ce."

"Da Turanci yay yi ta, ranka shi daɗe. Akuyag ga ba ta yi boko ba."

Batun ƙasa ba ya buƙatar dogon bayani. Hekta 60 murabba'in mita 600,000 ce, fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa kimanin 465, wato fuloti kusan 1,300 kwance cikin gari babu ko tubali a kai. Dillalin fili da ya ga haka ba zai yi barci ba. Shekara ta farko rami 18, ta uku an yanka shaguna a rami na 7, ta biyar an samu wanda ya zo da takarda cewa rami na 12 gonar kakansa ce. In aka ce a koma fadama wajen Kwalkwalawa inda ruwa ke kusa, sai a shawo kan mai fitar da buhunan albasa da shinkafa ya bar su ya shuka ciyawar da ba a ci, ba a sayarwa, ba a kuma yarda dabba ta taɓa. Fadamar ma gulbi na da hakki a kanta, kamar yadda aka gani a Satumbar 2010 lokacin da ambaliya ta yanke hanyar jami'a.

Sai yanayi, da watan da aka ce a riƙe. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, wani lokaci ya doshi 45, filin golf kuwa an tsara shi ne musamman don kada a samu inuwa a tsakiyarsa. Mafi yawan sandunan ƙarfe ne. Mai son ya gama rami 18 da ransa sai ya fara da an sallame asuba, ya yi addu'ar kada na gabansa su yi nawa. Daga la'asar zuwa magariba rami 9 kaɗai ke shiga. Da damina hadari na tasowa ba sallama, kuma ba a ba mutum shawarar ya tsaya a fili fetal ya ɗaga ƙarfe sama ana walƙiya. Da hunturu akwai ranakun da hazo ke hana jirgin sama sauka, jirgin da ke da fitilu da na'urori da matuƙa biyu, balle farar ƙwallo da aka harba cikin farar ƙura. In an cire waɗannan duka, abin da ya rage 'yan makonni ne a Nuwamba da wasu a Fabrairu. Ana iya yin wasan da dare a ƙarƙashin manyan fitilu, amma wannan ya dangana ga wutar lantarki, ita kuma bayaninta daban ne.

Akwai kuma ladabi, wanda masu zanen fili ba sa sawa a lissafi. Ladabin golf shi ne in mutum ya daidaita zai yi bugu kowa ya yi tsit, ko tari ba a so. Ladabin Sakkwato kuwa ba a wuce mutum ba a yi masa sallama ba, kuma sallama ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai kwana, akwai gajiya, akwai iyali, akwai zafi, akwai jikin tsoho. Wanda aka gaisar dole ya amsa ko da sandarsa na sama. Babbar riga ma sai an yi mata fatawa, domin ba a ɗinka hannunta don a wulwula ƙarfe ba.

Wanda ya fi wannan wuya shi ne tsarin wa zai fara. Al'adar wasan ta ce wanda ya fi yin kyau a ramin baya shi ke fara bugu a na gaba. Ba a duba shekaru, ba a duba sarauta, ba a duba matakin albashi. Akwai ranar da ƙaramin akawu zai yi bugu darakta na tsaye yana jira. Akawu mai hankali ba zai bari ranar ta zo ba, zai riƙa aika ƙwallonsa cikin yashi da gangan yana cewa yau hannu ya ƙi. Ta haka gwanintar duk filin za ta tsaya daidai inda ta babban da ke wurin ta tsaya. Shi babban kuma ba ya tafiyar kilomita 6 shi kaɗai, da jama'arsa yake tafe. Kafin ya isa inda ƙwallonsa ta sauka wani mai fatan alheri ya riga shi, ya ɗauke ta, ya goge da bakin riga, ya kai ta rami. "Ga ta nan ta shiga, ranka shi daɗe." Doka ta ce a mayar da ita inda aka ɗauko. Wanda zai faɗa masa haka ne ba a samu ba tukuna. Akwai kuma sashen da ya ce ɗan wasa shi ke tona kansa in ya yi laifi, ya sa a rubuta masa tara ko babu wanda ya gani. Wannan ba matsalar Sakkwato kaɗai ba ce, a bar shi.

Masu sassaucin ra'ayi kan ce a haƙura da ciyawar, kuma suna da hujja. Tsofaffin filayen ƙasar nan da dama an daɗe ana wasa a kansu da farfajiyar rami ta yashi da aka cakuɗa da baƙin mai, a daddaɓe, a riƙa sharewa bayan kowane ɗan wasa. A kan irinta Peter Tupling ya gama gasar Najeriya ta 1981 a Ikoyi da bugu 255 a zagaye huɗu, adadin da ya shiga tarihin wasan. A Yamai akwai filin Rio Bravo, inda ɗan wasa ke yawo da guntun ciyawar roba, ya shimfiɗa, ya yi bugu, ya naɗe abinsa ya yi gaba. A garin Coober Pedy na Ostareliya ma haka ake yi, har da wasan dare da ƙwallo mai haske saboda zafi. Ko a duniyar wata Alan Shepard ya buga golf a 1971, babu ruwa babu ciyawa babu kwamiti. Sai dai akwai mishkila. A golf kwarin yashi wurin horo ne, can ake jefa wanda ya yi kuskure ya sha wuya kafin ya fita. In fili duka yashi ne, to daga Gawon Nama har Arkilla kowa cikin horo yake, ba a bambance mai laifi da mai gaskiya. Mafita ita ce a juya tsarin: a bar fili yashi, a dasa 'yan tsibiran ɗanyar ciyawa nan da can su zama wurin horo, wanda ƙwallonsa ta faɗa ciki ya je ya yi da awaki. Tsari ne mai araha, illarsa ɗaya ba ya kyau a kalanda, kuma kalandar ake nema tun farko.

Masu kishin abin kan ce ba don wasan ba ne, don masu zuba jari ne, wai tsakanin rami da rami ake ƙulla manyan harkoki. Haka ne a wasu ƙasashe. A Sakkwato ana ƙulla su wajen ɗaurin aure, da zaman ta'aziyya, da bayan sallar Juma'a lokacin da kowa ke neman takalminsa, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar ban-ruwa. Wanda kuma ramukan ne ke burge shi, akwai dara. Gurbi 30 gare ta, ta fi golf da 12. Kowane ɗan wasa na da 'ya'ya 12, kara ko tsakuwa, ana haƙa filin da hannu a gindin dogonyaro kafin shayi ya tafasa, ruwan da take ci kuwa moɗa ɗaya ce a yayyafa don ƙasa ta kwanta. Ana cin mutum a cikinta ya kwana uku yana jin zafin abin, daidai da golf. Inda ta gaza shi ne ba ta da kuɗin rajista, ba ta da ƙofa, ba ta da wurin ajiye motoci, kuma duk mai wucewa na da ikon tsayawa ya gaya wa attajiri cewa ya yi wauta. Da irin waɗannan nakasu babu yadda za a yi a sa ta cikin jerin abubuwan ci gaba.

Matakin da ya dace yanzu shi ne a kafa kwamiti mai mutum 18, kowane rami da wakilinsa, da sakatare, da mai riƙe wa sakatare jaka. Aikinsa na farko ziyarar gani da ido zuwa St Andrews, kuma masana sun fi son a yi ta a Afrilu, lokacin da zafin can bai cika wuce digiri 12 ba, don wakilai su samu natsuwar nazari. Abu ɗaya za a kiyaye wajen tsara tafiyar: kada ta faɗa ranar Lahadi. Ranar ana rufe tsohon filin ga 'yan wasa, mutanen gari su shigo kyauta da yaransu da karnukansu su sha iska a kan ciyawar, domin ƙasar ta jama'a ce. Ana gudun kada wani wakili ya gani ya ɗauka haka ake yi, ya dawo ya sa a rahoto.